Shayi Ruwa Ne?

A watan Maris na 2023 wani likita ya dubi takardar gwajin jinina, ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, shayi kofi nawa kake sha a rana?" Na ce uku, wani lokaci huɗu. Ya ce, "Sukari fa, cokali nawa?" Nan na yi shiru, don ban taɓa ƙirgawa ba. Ya miƙo mini takarda da biro ya ce in lissafa a gabansa. Na safe a teburin mai shayi, haɗin kauri, cokali huɗu, ban da Bournvita. Na hantsi a wurin aiki, uku. Na bayan la'asar, uku. Sannan da daddare ga ataya a majalisarmu, wadda sukarinta ma ba da cokali ake zubawa ba. Kafin in kai ƙarshen lissafin na riga na san abin da zai faɗa. Ciwon suga ya kama ni.

Hausawa kan ce wane zai gane shayi ruwa ne. To ni ranar na gane nawa shayin ba ruwa ba ne, sukari ne aka jiƙa. Na fito ina jin haushin shayi kamar abokin da ya ci amanata, har na yi kwana goma ban kusanci buta ba. Ciwon kai ya dame ni kwana uku na farko, wanda daga baya na fahimci jiki ne ke neman abin da ya saba. A cikin kwanakin nan ne na shiga bin diddigin wannan ganye: daga ina ya zo mana, wa ya koya mana shansa haka, kuma laifin nasa ne ko namu.

Ni dai da shayi iri biyu na tashi a Fagge, kuma tsakaninsu bai fi taku hamsin ba. A bakin titi akwai mai shayin unguwa da teburinsa, da ƙatuwar buta, da gwangwanayen madara a jere kamar sojoji, da burodi a jibge. A ƙofar gidan wani Alhaji maƙwabcinmu kuwa akwai maigadi, Buzu, wanda farin 1984 ya raba shi da dabbobinsa ya gangaro Kano daga wajen Agadas. Baba Buzu muke ce masa. Shi kayan shayinsa duka za su shiga aljihun riga: 'yar buta shuɗiya, ɗan kurfoti na waya, kofunan gilashi biyu waɗanda ba su fi babban yatsa tsawo ba, da ƙullin ganye kore. Ya kan yi awa biyu a kan abin da ba zai cika kofin mai shayi ɗaya ba. Dahuwa uku yake yi wa ganye ɗaya. Ta farko mai ɗaci, tasa ce da manyan baƙinsa. Ta biyu ta fi laushi. Ta uku, wadda ganyen ya riga ya gaji sai zaƙi, ita yake miƙa mana mu yara, ya ce, "Yaro, sha a hankali, ba fura ba ce."

A lokacin na ɗauka abu biyu ne daban, na mai tebur abinci, na Buzu magani. Ashe ganyen bishiya ɗaya ne. Bambancin a sarrafawa yake. In aka tsinko ganyen aka yi maza aka gasa shi a kasko ko aka turara shi, sai ya tsaya kore. In kuwa aka bar shi ya yi yaushi, aka murje shi, aka shanya iska ta shige shi har ya yi duhu kamar yadda goro ke yin ja in an ɓare shi an ajiye, shi ne baƙin shayi. Akwai na tsakiya da mutanen Sin ke kira ulon. Turawa ma sun daɗe suna zaton bishiya biyu ce, don haka ban ji kunyar jahilcina ba sosai.

Asalin bishiyar daga duwatsun kudu maso yammacin ƙasar Sin ne, wajen Yunan, inda iyakarta ta haɗu da Bama da arewa maso gabashin Indiya. Mutanen Sin suna da tatsuniyar wani sarki, Shennon, wai iska ce ta jefa ganyen cikin ruwan da ake tafasa masa a shekara ta 2737 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan dai ga ta nan ga ta nanku ce. Abin da ke hannu shi ne an samu ragowar ganyen shayi a kabarin wani sarkin daular Han da ya mutu a shekara ta 141 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma bayyana binciken a 2016. A wajen shekara ta 760 wani malami, Lu Yu, ya rubuta littafi sukutum a kan shayi, tun daga irin ruwan da ya dace har zuwa irin kofi. Abin lura, da farko a matsayin magani suka ɗauke shi, kuma har yau mafi yawansu haka suke shan abinsu, ba sukari ba madara.

Sunan kansa ma taswira ce ga mai lura. A yawancin ƙasar Sin ca ake cewa. Wannan suna ya bi hanyar tudu da ayari, ya zama cay a bakin Farisawa, shay a bakin Larabawa, ya iso mu ya zama shayi. (Kada a haɗa shi da ɗaya shayin, na wanzamai. Wannan kalma ce daban, sauti ne ya raba su.) Amma mutanen gaɓar teku na lardin Fujiyan te suke cewa, kuma da su 'yan kasuwar Holan suka yi ciniki lokacin da suka fara kai ganyen Turai a wajen 1610. Daga nan Ingilishi ya samu nasa sunan, wanda muka ara muke cewa ti. Atay na mutanen Maroko, wanda ya zama ataya a wurinmu, shi ma daga wannan reshen na teku ya fito. Wato Bahaushe yana da sunaye uku na abu ɗaya, kowanne da hanyar da ya biyo.

Labarin Ingila ba zan daɗe a kansa ba, amma dole a taɓa shi tunda ta hannunsu ganyen ya bazu. Bayan Sarki Charles na Biyu ya auri gimbiyar Fotugal, Catherine, a 1662, shayi ya zama abin yayi a fada. Daga fada ya sauko gidajen attajirai, sannan a 1784 gwamnati ta rage harajinsa daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12.5, talaka ma ya samu. Matsalar ita ce mutanen Sin azurfa kawai suke karɓa, ba su da bukatar kayan Ingila. Sai Turawan suka shiga noma ofiyom a Indiya suna sayar musu a ɓoye don azurfar ta dawo. Da hukumar Sin ta hana, aka yi yaƙi daga 1839 zuwa 1842, aka ci su, aka karɓe Hong Kong. A 1848 kuma kamfanin Ingila mai mulkin Indiya ya tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya yi shigar mutanen Sin ya kutsa lardunan da aka hana baƙi shiga, ya kwaso iri da tsirrai da ma'aikatan da suka san sirrin sarrafawa. Dama tun 1823 sun gano wani jinsin bishiyar yana fitowa da kansa a Asam. Daga nan gonaki suka buɗe a Indiya, sannan Silon, wato Siri Lanka ta yau, inda wani mai kantin kayan masarufi daga Gilasgo, Thomas Lipton, ya sayi gonaki a 1890. Sunansa ne muke kira kullum da safe ba tare da mun san mutum ne ba.

Yanzu mu dawo ga butar Baba Buzu, don nan ne labarin ya fi mini daɗi. Koren shayi ya shiga Maroko ne ta teku, a matsayin kyautar da jakadun Turai ke kai wa fada tun zamanin Sarki Maulay Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Ya daɗe yana abin sarakuna da manyan attajirai. Labarin da aka fi yawan bayarwa shi ne a lokacin yaƙin Kirimiya, 1853 zuwa 1856, hanyar kasuwannin Rasha ta toshe wa 'yan kasuwar Ingila, sai suka juye kayansu a tashoshin Tanja da Sawira, farashi ya faɗi, kowa ya samu. Amma Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya zauna a Timbuktu daga 1853 zuwa 1854, kuma ya tarar Larabawan garin sun riga sun saba da shayi da sukari da ake kawowa daga Maroko, sai dai ya yi wa 'yan ƙasa tsada. Ke nan yaƙin bai buɗe hanya ba, faɗaɗa ta ya yi.

In ka duba rayuwar mai ayari za ka ga dalilin da shayi ya kama hamada kamar wutar daji. Ganye ne busasshe, ba nauyi, ba ya lalacewa. Sukarin a dunƙule yake zuwa, curi guda mai tsini, a fasa da ɗan guduma. Ruwan rijiyar hamada sau da yawa yana da gishiri ko wari, in an tafasa shi da ganye mai ɗaci da sukari sai ya shawu. Yana kashe yunwa, yana kore barci, ga shi ba ya bukatar itace mai yawa, gawayi kaɗan ya isa. Sannan ga babban abu, yana ba mutane dalilin zama. Dahuwa uku ba a yin ta a tsaye. Ana cewa ta farko ɗacinta kamar mutuwa, ta biyu kamar rayuwa, ta uku kamar soyayya, wasu kuma su juya jerin yadda ya yi musu. Wanda ya sha ta farko ya tashi bai jira sauran ba, ya yi rashin ladabi. A haka al'adar ta bi Larabawan hamada da Buzaye har Agadas da Damagaram.

Kano fa? Barth ya shigo Kano a 1851, ya kuma lissafa kayan da ayarin Tarabulus ke saukewa a kasuwar Kurmi: yadin Mancesta, takubban Solingen, duwatsun ado na Benis, takarda, allurai, da sukari daga Faransa. Larabawan Gadamas da Tarabulus suna da unguwanninsu a cikin birni, Dandalin Turawa da Alfindiki, a zamanin da kalmar Bature take nufin Balarabe. Daga gidajensu gurasa da alkaki suka fito suka zama namu, kuma sunan shayi da finjali duk na Larabci ne, wanda ya nuna ta bakin wa muka fara jin su. Amma shayi bai zama abin kowa ba a wancan ƙarni, kuma a ganina dalilin a fili yake. Muna da goro. Abin da shayi ke yi wa Balarabe, na wartsakewa da karɓar baƙo da ɗaura zumunci, goro ya riga ya yi wa Bahaushe shekaru aru-aru, har fatake suna tafiyar watanni zuwa Gwanja dominsa. Sinadarin da ke hana barci a cikinsu ma ɗaya ne, kafeyin. Karin kumallo kuwa akwai koko da ƙosai, akwai kunun tsamiya, akwai ɗumame. Ina shayi zai samu wurin zama?

Sai da gari ya canza sannan ya samu. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, kasuwancin hamada ya durƙushe, kaya suka koma shigowa ta Legas. Kantunan kamfanoni suka buɗe, ana sayen gyaɗa ana sayar da sukari da madarar gwangwani da baƙin shayin Indiya da Silon. Kukun Bature ya koyi haɗa ti da madara. Ɗan makarantar kwana ya saba da shi. Sojojinmu da aka kai Indiya da Bama a yaƙin duniya na biyu sun tarar shayi yana cikin abincin sojan Ingila na kullum, suka dawo da sabonsa. Amma wanda ya fi kowa bukatarsa shi ne sabon mutumin da birni ya haifar: lebura, ɗan dako, direba, ɗan ci-rani, mutumin da ya baro matarsa a ƙauye, wanda dole ya fita kafin gari ya waye kuma ba mai dama masa koko. Shi mai shayi ya zo ya tarar. Madarar Peak ta shigo Nijeriya a 1954, burodi ya yawaita, daga baya Bournvita da Milo suka hau tebur, a shekarun 1990 kuma Indomie ta zo ta kusa ƙwace teburin gaba ɗaya.

Duk wanda ya zauna a bencin mai shayi ya san ba ciki kaɗai ake cikawa a wurin ba. Rediyo na rataye, ana jin BBC, wadda ta fara Hausa tun 1957, ana gama labarai a buɗe sharhi. A nan ake naɗa gwamna a sauke shi, a nan ake sayen ɗan wasa a sayar. Mai shayi ya san wanda albashinsa ya ƙare, don daga haɗin kauri da wainar ƙwai uku zai koma ruwan bunu da burodi ba bota, kuma yana da littafin bashi wanda ya fi na banki tausayi. Ga kuma gwanintar nan ta ɗaga kofi sama a zubo shayin cikin wani kofin a ƙasa, zare ɗaya ba ɗigo, wadda muna yara muke tsayawa kallo har mu makara. Sana'ar ta bi Bahaushe duk inda ya je, har ta kai a Legas da Fatakwal wanda ba ya jin Hausa ma ya san kalmar mai shayi. Sai dai in za a faɗi gaskiya, ganyen shayi shi ne mafi ƙaranci a kofin. Sau da yawa 'yan ƙullin Lipton kaɗan ne a ƙatuwar buta, sai citta da kanumfari da masoro. Wani ma ruwan zafi ne da Milo da madara, ba ganye ko ɗaya, kuma shayi muke ce masa.

Ana noma shi a ƙasarmu, ko da yake da yawa ba su sani ba. Bishiyar tana son tudu mai sanyi da ruwan sama mai yawa, shi ya sa ta karɓi Kenya, inda aka fara dasa ta a Limuru a 1903, har ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi. Mu namu yana tsaunin Mambila a jihar Taraba, a Kakara cikin ƙaramar hukumar Sardauna, inda aka buɗe gona a shekarun 1970, kuma daga nan Highland Tea ke fitowa. Koren da ake ataya da shi kuwa har yau daga ƙasar Sin yake zuwa, cikin 'yan kwalaye masu lambobi irin su 41022, waɗanda masu sha suka haddace kamar lambar waya. A Nijar, tun shekarun 1990, samari marasa aiki suka mai da zaman ataya wata ƙungiya da suke kira fada, har wata masaniya, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi a kanta a 2019. Shayin da ya taimaki mai ayari ya haye hamada, shi ne yake taimakon mai digiri ya haye yini.

To, maganar lafiya, wadda ita ta kai ni ga duk wannan. Na shiga karatun ina neman hujjar da zan kama shayi da laifi, sai na tarar ganyen kusan wanke kansa ya yi. Kofin baƙin shayi yana da kafeyin wajen miligiram 40 zuwa 50, kusan rabin na kofin gahawa. Yana kuma da wani sinadari, tiyanin, mai kwantar da hankali, shi ya sa wartsakewar shayi ba ta cika zuwa da rawar jiki ba. Sannan akwai sinadaran da ke ba shi ɗaci da launi, waɗanda bincike ya danganta da lafiyar jijiyoyin jini. A Japan an bi mutum 40,530 har shekara 11, aka buga sakamakon a 2006: masu yawan shan koren shayi sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da shanyewar jiki. A Birtaniya an bi kusan mutum 500,000, aka buga a 2022: masu shan baƙin shayi kofi biyu ko fiye a rana haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya yi ƙasa da kashi 9 zuwa 13 cikin ɗari. Amma a lura, irin wannan bincike tafiya tare yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa shayin ne ya yi aikin. Kuma Bajapane ba ya sa sukari, Baturen Ingila in ya sa, cokali ɗaya ko biyu ne. Ba da kofina aka yi gwajin ba.

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba, wanda ni a wurina ya fi duka girma a ƙasa irin tamu: ruwan shayi tafasasshe ne. Wasu masana tarihin tattalin arziki suna ganin yaɗuwar shayi a Ingila bayan rage harajin 1784 ta rage mace-mace, ba don ganyen ba, sai don talaka ya koma shan dafaffen ruwa bai sani ba. A lokacin kwalara, kofin mai shayi ya fi ruwan da ba ka san rijiyarsa ba aminci, in dai an wanke kofin da kyau.

Ganyen ma yana da nasa. Ɗacin nan yana riƙe sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganyaye da hatsi, ya hana jiki ɗauka, a wasu gwaje-gwajen fiye da rabi, in an sha shi tare da abinci. Ƙarfen nan shi jiki ke gina jini da shi. Don haka mai ciki, da mai jego, da yaron da kullum karin kumallonsa shayi da burodi, su ne abin ji, ga shi dama ƙarancin jini ya yi mana yawa. Maganin mai sauƙi ne, a ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, matsa lemon tsami kuma yana taimakawa. Sai zafi. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin maƙogwaro. Ashe wasan nan da mai shayi ke yi da kofi biyu ba burga kaɗai ba ce. Ataya kuma, saboda ana tafasa ganye mai yawa a ruwa kaɗan na tsawon lokaci, dahuwar farko tana da ƙarfi ƙwarai, a cikin da ba komai tana tayar da zuciya, da daddare kuma ta kai ka asuba ido biyu. Gadagi da wasu ke sha don ƙarfin aiki, wannan hadin saiwoyi ne da ba ka san abin da aka zuba ba, bai kamata ma a jera shi da shayi ba.

Zoɓo ba shayi ba ne in ana maganar bishiya, amma tunda a Sudan da Masar ana shansa da zafi kamar shayi, bari in ba shi haƙƙinsa. A wani gwaji na jami'ar Tufts a Amurka da aka buga a 2010, mutum 65 masu hawan jini na farko-farko, waɗanda aka ba kofi uku a rana har mako shida lambar sama ta jininsu ta sauka da kusan maki 7. Ba dalilin ajiye maganin likita ba ne, kuma nan ma ba irin zoɓon biki da ake tuttula wa sukari ake nufi ba.

Duk hanyar da na bi, a sukari take ɓullewa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali a tsaya a 6. Ni kafin magariba na kai 10 a shayi kaɗai, cokalin mai shayi kuwa ba ƙarami ba ne kuma a tsaye yake cika shi. Ban ce shi kaɗai ya jawo mini ciwon ba, akwai gado, akwai zama wuri ɗaya, akwai tumbi. Amma na gane wani abu game da hanyoyin nan biyu. Ta arewa da ta kudu duk tare da sukari suka kawo mana shayi, a matsayin abinci mai ba da ƙarfi nan take. Mai ayari zai taka yini guda a rairayi, ɗan dako zai sauke buhu ɗari a Singa, jikinsu ya ƙone abin da suka sha kafin azahar. Ni na gaji kofinsu ban gaji aikinsu ba, ina shan shayin ɗan dako ina zaune a kujera ƙarƙashin fanka.

Ranar da na koma teburin mai shayinmu, wanda ɗan wancan na yarintata ne, na ce ya ba ni ruwan bunu kada ya sa sukari ko ƙwaya. Ya tsaya da cokali a hannu ya ce, "Yallaɓai, lafiya? Ko wata ne ya yi nisa? In kuɗi ne ai akwai littafi." Aka yi ta dariya a benci. Na gaya masa abin da likita ya ce. Wani dattijo a gefe ya ce shi ma shekararsa shida da ciwon, amma rabin cokali yake sa wa, don shayi ba sukari ai horo ne. Makon farko na yarda da shi. A mako na uku sai harshena ya fara jin abin da shekara arba'in sukari ya rufe: ashe ganyen Mambila da na kwalin waje ba ɗanɗanonsu ɗaya ba, ashe in an bar shi minti uku daban, in ya yi goma daban. Yanzu da na'ana'a nake sha, wani lokaci citta da kanumfari, kofi biyu, kuma na daina na dare. Gwajin jinin ya sauko, tare da magani da tafiyar safe.

Ataya ce ta gagara. A majalisarmu wani abokinmu ɗan Damagaram ne ke riƙe da buta, kuma ya ce mini kumfar nan da ake taƙama da ita a saman kofi ba ta tsayawa sosai sai da sukari, ataya ba kumfa kuwa ai wulaƙanta baƙo ne. Mun yi ta ja har muka daidaita. In dahuwa ta biyu ta nuna, kafin ya zuba sukari, sai ya tsiyaya mini rabin ɗan kofi ya ajiye a gefen kurfoti, ya ci gaba da ɗaga butarsa sama yana yi wa sauran kumfa. Nawa ba kumfa, ga ɗaci har cikin kunne. Duk daren da ya miƙo mini sai ya girgiza kai ya ce, "Ungo maganinka, Malam." Ni kuwa in karɓa in yi ta kurɓa a hankali, don ya kai ni har su gama ta uku.